Yadda ake gardamar fim ɗin almara a fada ba a tashi da faɗa ba

Wani daren Asabar cikin zafin watan Afrilu, an ɗauke wuta tun la'asar, muna zaune bisa tabarma ƙofar gidan su abokina nan unguwar Zariya, shayi na biyu na kan gawayi, sai ƙanena ya jingina wayarshi jikin buta ya kunna muna Dune kashi na biyu, wanda ya fito 2024, da faransanci. Ba a yi nisa ba wata ƙatuwar tsutsa ta ɓullo daga cikin rairayi, sai wani yayanmu mai sai da kayan babur a babbar kasuwa ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce wallahi shi ba ya ɓata darenshi wajen kallon tsutsar da ta fi tirela girma, ƙarya ce tsagwaronta. Ƙanena, da yake bakinshi ba linzami, ya ce "ai yaya kai ne ba ka da ilimin abin". To shi ke nan. Wanga ya ce an raina shi, wancan ya ce gaskiya ya faɗi, mai shayi ya shiga tsakani shi ma anka haɗa da shi, shayi na uku dai mu uku munka sha shi.

Su biyun duka sun yi kuskure, kuma irin kuskuren da nake gani kullum ne, ko a fada ko a gurup ɗin WhatsApp. Na daɗe cikin wagga harka, tun lokacin da muke biyan dala biyar mu zauna bisa benci gidan bidiyo har zuwa yanzu da ake tura muna a kart memuwar, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ni nake ganin ya kamata mutum ya faɗi ra'ayinshi kan finafinan dodanni da na sararin samaniya har a saurare shi.

Fara da yarda cewa ƙarya ce. Eh mana, ƙarya ce, wa ya ce maka gaskiya ce? In wani ya ce maka "ƙarya ce" kada ka ɗaga jijiyar wuya, ce mishi haka ne. Mu da munka tashi kakanninmu mata na ce muna ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, Gizo ya yi magana, Ƙoƙi ta dafa tuwo, Dodo ya haɗiye gari guda da shanunshi, a ƙarshe mai ba da labarin da bakinta ta ce ba don Gizo ba da na yi ƙarya, mu ne za mu tsaya muna mamakin tsutsa? Ba wanda ya taɓa tashi tsakiyar tatsuniya ya ce gizo-gizo bai magana. Amma ka tuna abin da ke faruwa in mai tatsuniya ta yi kuskure ta mai da Gizo mai gaskiya da riƙon amana ba dalili, yara da kansu za su ce a'a iya, ba haka yake ba. Wannan shi ne ainihin wurin. Kowane labari na da dokarshi da ya kafa ma kanshi, kuma da wagga doka za ka auna shi, ba da dokar Maraɗi ba.

Bari in tsaya nan kaɗan don duk sauran maganar bisa wannan take. Ɗauki Dune ɗin nan. Tambayar da kowa ke yi ita ce, mutanen da ke da jiragen da ke zuwa wata duniya, me ya sa suke faɗa da wuƙa kamar 'yan tauri? In ba ka san dokar labarin ba sai ka ce wauta ce. Amma Frank Herbert da ya rubuta littafin tun 1965 ya ba da amsa: suna da wata garkuwa da ke rufe jiki wadda duk abin da ya zo da gudu, kamar harsashi, ba ya ratsa ta, sai abin da ya shigo a hankali, shi ya sa wuƙa ta dawo da daraja. A cikin hamada kuma garkuwar ba ta da amfani don tana kiran tsutsa ta haukata ta. Tsutsar nan motsi mai tsari take ji, shi ya sa mutanen hamadar ke tafiya kamar masu rawa a karkace, kada takunsu ya zama ɗaya. Kwamfuta ma babu ita a duniyarsu don sun taɓa yaƙi da injuna masu tunani sunka haramta su, sai mutane anka horar suna lissafi da ka. To ka ga in ka san wannan, gardamarka ta tashi daga "ƙarya ce" ta koma "shin fim ɗin ya bi dokar da ya kafa ko ya karya ta", kuma nan ne hira ke daɗi. Ranar da ka kama su sun sa mutum ya ruga da gudu bisa rairayi tsutsa ba ta zo ba kuma ba su ba da dalili ba, ranar kana da bakin magana, kowa zai yi shiru ya ji ka.

Haka tsohuwar gardamar nan ta The Lord of the Rings, wai me ya hana su hau manyan mikiyoyin nan su kai zoben tsafin maƙiyinsu dutsen wutar da ke iya halaka shi su jefa a huta. Duk fadar da anka kalli fim ɗin sai wani ya kawo ta yana jin shi ya fara ganowa. Tambaya ce mai kyau, ba ta raini ba ce, kuma amsarta na cikin labarin: duk dabarar ɓoyo ce, maƙiyin ba ya tsammanin wani zai so ya halaka zoben, kuma yana da nashi dodannin masu tashi sama suna gadi. Kana iya cewa amsar ba ta gamsar da kai ba, ba laifi, amma dai ka san akwai ta kafin ka buɗe baki.

Sai ka san wane iri kake kallo, don ba duka ne abu guda ba ko da yake wajen masu turi duk fayil ɗaya suke zuba su. Akwai wanda ke jingina da kimiyya da gaske, kamar Interstellar na 2014, inda awa guda a wata duniya da ke kusa da baƙin rami, wurin nan na sararin samaniya da nauyinshi ke haɗiye komi har haske, take daidai da shekara bakwai a nan. Wannan ba daga ka sunka ƙago shi ba, daga ilimin Einstein ne cewa nauyi mai tsanani na rage gudun lokaci, kuma masanin da ya ba su shawara, Kip Thorne, ya ci kyautar Nobel a 2017. Irin wanga in ka kama shi da kuskuren kimiyya ka yi daidai, don shi ya ce a auna shi da ita. Akwai kuma wanda jirgin sama da taurari kawai ya ara amma a zuciya tatsuniya ce ta sarakai da takubba, Star Wars ke nan. Wani ɗan jami'ar Ɗan Dikko da ke zama da mu kullum sai ya ce ai a sararin samaniya babu iska saboda haka ƙarar fashewar jirgi ba za a ji ta ba. Gaskiyarshi, amma wanda ya shirya fim ɗin bai taɓa cewa darasin fizik yake ba da wa ba, kamar ka je biki ne kana gyara ma maroƙi nahawu. Na uku kuma shi ne almara zalla, zobe, dodo mai aman wuta, sandar tsafi, wanda kimiyya ba ta da hurumi ciki sam.

Yanzu maganar da ba a so. Ka kalla tukuna. Rabin masu zafin ra'ayi a gurup guntun bidiyo na minti biyu sunka gani a TikTok ko Facebook. In ba ka gama ba ka ce ban gama ba, ba abin kunya ba ne, forfe na da tsada kuma rezo sai a hankali. Kuma ka faɗi wanne ka gani. Mu nan Maraɗi muna tsakanin ruwa biyu, wasu na kallo da faransanci, wasu kuma fassarar Hausa da ke shigo muna daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma masu fassarar nan, Allah ya ba su lada don suna sa mu dariya, wani lokaci suna ƙara nasu gishirin, su sa ma shef bandi karin maganar da bai yi ba, su taƙaita dogon bayani da "kai dai bari". Na taɓa ganin mutum biyu sun kusa cin kwalar juna kan abin da akter ya ce, ashe ɗaya faransanci ya ji ɗaya Hausa, kowa da gaskiyarshi. Ka tambaya tun farko, da wane baki ka kalla, sai ka huta.

Har da ingancin abin da anka tura maka. Epizod na uku na sezon ɗin ƙarshe na Game of Thrones yaƙin dare ne, ko waɗanda ke da manyan tele a Turai sun yi kukan duhu, to ina ga kai da ka kalla a waya mai fasasshen ekran da rana tsaka ƙarƙashin bedi, a fayil ɗin da anka matse don ya shiga kart. In ka ce ba ka ga komi ba mun yarda, amma kada ka ce ba a yi komi ba.

Star Wars kuma na da nashi rikicin na tsari. Wanda ya fara fitowa a 1977 shi ne na huɗu a labari, sai na 1980 da 1983, sannan anka koma baya anka yi na ɗaya zuwa na uku a 1999, 2002 da 2005, sai na bakwai zuwa tara daga 2015 zuwa 2019. Mai turi zai jera maka su daga ɗaya. Ni shawarata ka bi yadda sunka fito, don akwai wani sirri a na 1980 da in ka fara da na ɗaya ya riga ya mutu kafin ka iso. Af, garin su Luke, jarumin fim ɗin 1977, wato Tatooine mai rana biyu, a Tunisiya anka ɗauki wani sashe nashi, sunan ma daga garin Tatawin anka samo shi, saboda haka in ka ga ginin ƙasa ya yi maka kama da na gida ba idonka ba ne.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi gyara min hira: raba "ban so ba" da "bai yi kyau ba". Ban so ba naka ne, ba mai ƙwace maka, kamar wanda bai son fura da yaji ne. Amma in ka ce bai yi kyau ba to ka ɗauko bashi, sai ka biya da misali. Kada ka ce ƙarshen Game of Thrones shirme ne ka yi shiru, kowa ya iya wannan, mutum sama da miliyan sun sa hannu a intanet wai a sake sezon ɗin. Ce musu: sezon shida na farko kowane epizod goma ne, na bakwai ya koma bakwai, na takwas ya koma shida, jimla 73 daga 2011 zuwa 2019, kuma littattafan George R. R. Martin da ake bi guda biyar ne sunka fito, na biyar tun 2011, saboda haka masu seri sun wuce mai labarin sunka ci gaba da kansu. Sannan ka kawo abin da ido ya gani: a farko tafiya daga arewa zuwa babban birni sai ta ci epizod da yawa, ana hira bisa hanya, ana sanin halin mutane, amma a sezon na bakwai saƙo ya tashi daga bayan katangar ƙanƙara ta can arewa ya kai kudu, taimako ya iso, mutanen na nan tsaye bisa ƙanƙara kamar daga nan zuwa Tibiri anka aika. In ka faɗi haka ko wanda ke son ƙarshen zai ce to wannan kam ka faɗi gaskiya, sai ya kawo nashi misalin, hira ta miƙe. Misali ɗaya da ka gani da idonka ya fi "wallahi" goma.

Fasa ƙwai, wato tona ma wanda bai kalla ba abin da zai faru. Wannan kam ba ni da sassauci. Kafin ka faɗi wanda ya mutu, wanda ya ci amana, ko ɗan wane ne wane, ka dubi fuskokin mutane ka ce akwai wanda bai kai nan ba? A gurup ka rubuta gargaɗi sama, ka bar fili, sannan ka zuba, kuma don Allah kada ka yi shi da murya, don vokal ba a leƙa shi a ja baya, in ya shiga kunne ya shiga. Waɗanda sunka kalli Baahubali na farko a 2015 sun yi kusan shekara biyu suna tambayar me ya sa Kattappa ya aikata abin da ya aikata, sai 2017 anka ba su amsa. Wani tela abokinmu ya tara kwana uku yana jiran Lahadi ya kalla da natsuwa, yaron shagonshi ya faɗa mishi amsar yana cikin guga. Har yau in an tuna sai ya yi tsaki. A fadarmu dokar ita ce wanda ya fasa ƙwai shi ke sayen sikari da ganyen shayi na sati.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa, wa zai ci wa. Goku na Dragon Ball da Superman, wane matsafi da wane matsafi. Ban ce a bari ba, tana da daɗi, ni ma ina yi. Amma ku fara yanke filin da za a kara. Mu da ke da filin kokowa mai sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, mun san ba a tambayar ɗan kokowa da ɗan dambe wa ya fi sai an ce a wace doka, in kamawa ce a kai ƙasa amsa daban, in naɗe hannu ne amsa daban. Superman ƙarfinshi daga rana mai ruwan ɗorawa yake, kuma akwai dutsen da ke kashe mishi jiki, shi ko Goku labarinshi gaba ɗaya an gina shi ne bisa a buge shi ya tafi ya yi horo ya dawo ya fi da. In ba ku ce a duniyar wa za a yi ba, kuma wane Goku, na farko ko na ƙarshe, sai asuba ta yi kowa na maimaita abin da ya faɗi tun bayan isha'i.

Maganar "littafi ya fi fim" kuma, in ba ka karanta ba kada ka ara. Ana ganewa. Na san wanda ke faɗin haka kan Harry Potter kullum, ranar da anka tambaye shi littafin guda nawa ne ya ce takwas, alhali bakwai ne, fim ne takwas don an raba na ƙarshe biyu. In ka karanta kuwa ka faɗi abin da anka cire ko anka sauya da abin da sauyin ya jawo, misali Chani, masoyiyar jarumin, ta littafin Dune da ta fim ɗin 2024 ba halinsu ɗaya ba, kuma ana iya kwana ana gardama kan wacce ta fi ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Kuma kada ka bari a ce maka wannan harkar nasara ce kawai. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa tun 1969, yaro ne anka ɗauka anka yi sama da shi, shekarar da anka sauka bisa wata ke nan. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 yake, tafiya neman ruwan magani har cikin aljannu, in wannan ba almara ba ce to mene ne. Nnedi Okorafor ma, 'yar asalin Najeriya da ke Amurka, tana da littafi na 2007, The Shadow Speaker, da ta kafa labarinshi a Nijar ta shekarar 2070. Jefa irin waɗannan cikin hira na sa manya su matso da kujera. Black Panther na 2018 kuwa gardamarshi a wurinmu daban take, wasu sun ji daɗin ganin baƙar fata da ƙasar da ba a taɓa mallaka ba, wasu sun ce an kwaso tufafin ƙabilu daban daban an haɗa kamar Afirka gari guda ce, harshen da suke yi ma Xhosa ne na Afirka ta Kudu. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma na fi jin daɗin fim ɗin saboda shef bandin na da hujja, ba mugu ba ne haka kawai.

In wani ya ce shi bai kallon fim ɗin tsafi saboda addininshi, ka bar shi, kada ka ce mishi bai waye ba, wannan ba gardamar fim ba ce kuma ba za ka ci ta ba. Kai ma ka san abin da kake kunnawa gaban wa. Game of Thrones na da tsiraici da zubar da jini sosai, ba na tsakar gida ba ne, ba na gaban yara ko surukai ba, kuma in ka ba wani shawarar ya kalla ka faɗa mishi wannan tun farko kada ya kunna gaban iyalinshi ya zo yana nemanka. Dune ma cike yake da kalmomin da anka aro daga Larabci, Mahdi, Lisan al-Gaib, kuma wani zai ji ba daɗi, wani zai ce ai labarin gargaɗi ne kan bin mai ceto ido rufe. Ana iya tattauna wannan da hankali, amma ba lokacin da rai ya riga ya ɓaci ba. Babba kuma ko ya yi kuskure ƙarara, "yaya ina ga kamar ba haka ba ne, bari in mayar maka wurin ka gani" ta fi abin da ƙanena ya faɗi nesa ba kusa ba.

Shi ƙanen nawa sai da na sa ya je har shago ya ba da haƙuri. Bayan kamar sati biyu yayan namu ya dawo fada, bai ce komi kan tsutsa ba, ya zauna ya sha na farko, can sai ya ce wai a kashi na ɗaya, wanda yaron shagonshi ya tura mishi, ya ga shugaban mutanen hamada ya tofa yawu bisa tebur gaban sarki anka ce girmamawa ce. Munka ce eh, don ruwan jiki shi ne dukiya mafi tsada a wurinsu. Ya yi shiru, ya ce shi da ya yi shekara huɗu yana kai kaya Agadas da Dirku ya gane wannan sarai, amma rigar nan da ke tace zufa a sha, a nuna mishi inda gishirin ke tafiya, don shi ya san abin da zufa ke bari jikin riga. Ba wanda ya iya ba shi amsa daren nan, ɗan jami'ar ya ce zai duba littafin ya zo muna da ita ranar Asabar.